Mama Kafiyu Za Ta Ajiye Makulli

Kowace Asabar da safe, kafin masu ƙosai su kwashe suyar farko, Mama Scholastica takan jawo jarkokinta goma sha biyu zuwa tsakar gida. Ta juye tsohon ruwan a baho matan gidan su yi wanki da shi, ta ɗauraye jarkokin ɗaya bayan ɗaya, sannan ta bi layi a famfon burtsatse har ta cika su. Daga nan sai ta buɗe ɗan ɗakin ajiyar da ke bayan gida, ta ɗaga murfin kowane bokiti ta shinshina, ta duba kwanan watan da ta rubuta a jikinsa. Wanda ya fi daɗewa shi ke dawowa gaba, shi za ta ci a wannan makon, sabo kuma ya koma can ƙurya. Shekara ashirin da biyar ke nan tana wannan aiki a gidan hayarmu mai ɗaki tara a Nasarawa, kudu da kogin Kaduna. Ba wanda ya sa ta, ba wanda ke biyanta, kuma in za a faɗi gaskiya, yawancinmu dariya muka fi yi mata.

Irene mai shagon gyaran gashi ce ta laƙaba mata suna Mama Kafiyu, wato uwar dokar hana fita. Duk Asabar sai ta leƙo ta taga da buroshi a baki ta ce, "Mama, yaƙi za a yi ne? Abeg, don Allah ki huta, gari lafiya lau." Mama kuwa sai dai ta gyara ɗaurin zanenta ta ci gaba da jan jarka.

Waɗanda suka daɗe a unguwar sun san mafarin abin. A rikicin shekarar 2000, ita da mijinta Wilson duk ma'aikatan masaƙa ne a Kakuri. Ba a daɗe da biyan albashi ba, sun sayi rabin buhun shinkafa da wake mai yawa, suna ganin sun gama da maganar abinci. Sai gari ya rikice, aka hana fita. Kalanzir ɗin risho ya ƙare tun ranar farko, famfo ya ɗauke, babu itace, babu gawayi. Suka zauna kwana biyu suna kallon buhun shinkafa, 'yarsu Abigail mai shekara huɗu tana kuka har muryarta ta dishe. A rana ta uku Wilson ya ɗauki galan ya ce zai leƙa unguwar Makera neman kalanzir ya dawo yanzu. Har yau Mama ba ta san inda aka binne shi ba.

"Ba rashin abinci ne ya fitar da shi ba," haka take cewa in an matsa mata. "Ga shinkafa nan a ɗaki. Kwalba ɗaya ta kalanzir ce ta cinye min miji."

Shi ya sa in ka shiga ɗakin ajiyarta ba za ka ga shinkafa ba. Garin kwaki ne bokiti bokiti, da sukari, da ƙuli-ƙuli, da soyayyar gyaɗa, da kifin gwangwani. Dokarta ɗaya ce: duk abin da sai an hura wuta kafin ya shiga ciki, ba abincin ranar tashin hankali ba ne. Akwai buhun gawayi a gefe, da ashana a cikin kwalba don kada ta yi sanyi, da kyandir, da maganin zazzaɓi, da ƙullin gishiri da sukari na gudawar yara. Bayan an rufe masaƙa, da ribar kayan miyan da take kasawa a ƙofar gida ta riƙa sayen waɗannan, mudu ɗaya yau, gwangwani ɗaya jibi. Mun sha ganinta da silifa ɗinkakke tana dawowa daga kasuwa da sabon bokiti a ka.

A watan Oktoba na 2018 dariya ta ƙare. Aka sa dokar hana fita dare da rana, ba shiri. Irene tana da taliya katan guda, amma gas ɗinta ya ƙare, ga yara uku. Kunya ta hana ta buɗe baki. Da hantsi sai ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofa, ta buɗe ta ga Mama da kwanon gari, da ƙuli-ƙuli, da jarka ɗaya tana ja a ƙasa. Mama ta ajiye mata, ta wuce ɗaki na gaba. Ɗaki tara ta ciyar har aka sassauta dokar, kuma ba wanda ya taka ƙofar waje neman wani abu.

A wannan makon ne Haruna mai keke-napep ya maƙale a layinmu. Ya sauke fasinja ke nan aka tare hanya, gidansa kuwa yana can ƙetaren gada. Mama ta buɗe ƙofa ta ce ya turo keken ciki, ta shimfiɗa masa tabarma a ɗakin ajiyar. Da ta ware masa jarka guda don alwala, wani maƙwabci ya yi gunaguni, wai ruwan sha ake lallaɓawa. Ta dube shi ta ce, "Ruwana ne, ni na ɗebo. Mutum yana cikin tsoro, a hana shi kuma yin sallarsa?" Haruna ya kwana uku. Har yau in ya biyo ta Nasarawa sai ya tsaya ya durƙusa ya gaishe ta, kuma bai taɓa yarda ta biya shi kuɗin ɗauko mata kaya ba.

Mama, ke ce kika ɗauke wa gidan nan tsoron da ya kamata kowa ya ɗauki rabonsa. Mu muna barci da munshari saboda mun san akwai wata tsohuwa da ba ta manta ba. Ke ce rumbun marasa rumbu. Lokacin kullen korona da aka riƙa buɗe kasuwa jefi-jefi, ɗakinki muka zagaye kamar kaji sun ga mai tsaba, da aka buɗe gari kuma muka watse muka bar ki da bokitai wayam, kika sake cika su ke kaɗai. Abin kunya ne, kuma gara a faɗe shi tun kina ji.

Yanzu gwiwoyin Mama sun ƙi. Jarkar da take ɗagawa da hannu ɗaya, sai ta huta sau uku kafin ta kai ta bakin ɗaki. Abigail, wadda yanzu nas ce a Kafanchan, ta ce ƙarshen watan nan za ta zo ta tafi da ita, kuma ba ta neman shawarar kowa. Abin da ya hana Mama sukuni ba tafiyar ba ce, wa zai karɓi makullin ɗakin? Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta tara mu a tsakar gida, ta ɗora makullin a kan kujera. Kowa ya sunkuyar da kai. Wannan ya ce aiki ya yi masa yawa, wancan ya ce abin da za a ci yau ma da ƙyar ake samu, ina batun ajiya. Ba ƙarya suka yi ba, duk mun gaji. Amma ita da ta fi kowa gajiya ba ta taɓa kawo wannan uzurin ba.

Ta dube mu ta ce, "Kuna tsammanin daɗi nake ji? Shekara ashirin da biyar ban ci sabon gari ba, kullum tsoho nake ci don kada ya lalace. Na gaji da jiran masifa. Amma in na tafi ɗakin nan ya zama wurin ajiye tsofaffin takalma, wata rana mijin wata a cikinku zai ɗauki galan ya fita."

Ba wanda ya motsa. Makullin ya wuni a kan kujera, yara suna zagaye shi.

Asabar da ta biyo baya, Mama ta fito tana dafa bango, sai ta tarar an riga an juye jarkoki shida. Irene ce, ta ɗaure ƙugu da gyale, tana jan ta bakwai tana mita. "Wannan wahala, Mama! Bayana zai karye. Zauna ki nuna min yadda ake rubuta kwanan watan, kada in ɓata miki tsari." Mama ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da gefen zanenta, ta daɗe ba ta buɗe ba.

Mun gode, Maman Abigail. Allah ya huta gajiyarki, ya sa ki samu barcin da garin nan ya hana ki. Ku kuma masu karatu, ba a ce ku gina ɗaki guda ba. Jarka biyu cike da ruwa, mudu biyu na gari, ashana a kwalba, ku riƙa juyawa kada su tsufa. Kada ku bar wa tsohuwa ɗaya nauyin layi guda kamar yadda muka yi.

Da suka gama a ranar, Irene ta tsaya a bakin ɗakin tana haki, ta ce, "To Mama, in shekara ta zagayo ba abin da ya faru fa? Duk wannan aikin ya tashi a banza ke nan?"

Mama ta miƙa mata makullin ta ce, "Abin da nake roƙon Allah ke nan kowace Asabar, 'yata. Ya sa ya tashi a banza."