Ba a Sauke Shago Duka

Yau kwamfutar ofis ta tsaya cak, sai na tuna marigayi Kawu, mai atamfa a kasuwar Treichville.

Ni na tsara masa rumbun bayanan kayansa. Wata rana wata hajiya daga unguwar Adjamé ta gaji da jira ta tafi, domin na sa kwamfuta tana haɗa teburin bayanan kaya da na dillalai gaba ɗaya kafin ta ba da amsa. Kawu ya kurɓi shayinsa mai ƙamshin na'ana'a, ya ce, "Ɗana, mai neman turmi ɗaya ba a sauke masa shago duka. Tambayi kalar tukuna."

Na sa wa haɗin sharaɗi, ya ɗauko layukan da suka dace kaɗai. Nan take amsa ta fito.

Yau ma irin wannan matsalar ce a ofis, ba zan tashi ba sai na gyara. Allah ya kai haske kabarinka, Kawu.