Kayen Arzika da masu sihirinsa huɗu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Arzika, mushen lissafi, wato malamin makaranta, a Dogon Dutsi, kuma har yanzu ban san wanda ya ɗauke kayensa, littafin rubutunsa, ba.

Daga Yamai ya zo mana da wani wasa. Kowace Lahadi bayan la'asar mukan zauna a zaurensa, ni da Tankari ma'aikacin asibiti da wasu biyu. Shi ke ba da labari, kowanenmu ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, mu jefa ɗan lido mai fuska ashirin don a ga ko abin da muka nufa ya yiwu. Littafin da ya zo da shi na Faransanci ne, kuma masu sihirin cikinsa ba su gamshe shi ba. Sai ya sayi kaye ya tsara nasa guda huɗu. Akwai mai littafi, wanda sai ya yi bita da safe sihirinsa ke ci. Akwai ɗan gado, da abin ke cikin jininsa amma bai fi dabara uku ba. Akwai mai saiwa, da ke warkarwa, ba ya iya cutarwa. Na huɗu mai alkawari da aljana doguwa ne, ya fi kowa ƙarfi, sai dai duk abin da ta nema dole ya bayar. Tankari shi yake zaɓa kullum.

Wannan na huɗun ya jawo mana magana. Unguwa ta ce duba muke yi. Wata tsohuwa mutuniyar Lugu, garin masu bori, ta aiko a tambaye shi wa ya ba shi izinin sa doguwa a takarda. Yayansa Alhaji Bawa, ɗan kasuwa mai tsananin riƙo da sunna, ya zo ya tsaya kanmu wata Lahadi har muka tashi.

Ranar da aka share makoki na nemi kayen a zauren na rasa. Nan take na ɗora wa Alhaji, na ce ƙonewa ya yi. Shekara shida gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Bara aikin gona ya kai ni Dumega, na tarar da matasan malamai huɗu suna wasan a tsakar lakkwal, makarantar da suke koyarwa. Na leƙa wayar ɗayansu, sai ga hoton rubutun Arzika, har da wurin da ya soke bakwai ya mayar tara. Suka ce turo musu aka yi, wanda ya turo shi ma turo masa aka yi. Ba wanda ya taɓa jin sunansa.

Zargina ya koma kan Tankari. Ya rantse bai taɓa kayen ba, amma ya yi saurin canza zance. Na tafi shagon Alhaji na ba shi haƙuri. Ya kalle ni ya ce, "Ni na ɗauka. Na karanta shi kaf, ban ga duba ba, lissafi na gani. Na ba wanda za ya riƙe shi."

Na ce wane ne. Ya ce wannan tsakaninsa da ƙanensa ne. Na fito ban san ko gaskiya ya faɗa mini ba, ko wani yake rufa wa asiri.

Da Arzika zai ga matasan nan, na san abin da zai fara yi: zai ƙi yarda da lidon cikin waya, ya ce wa ya ga hannun da ya jefa. Zai kuma yi faɗa don sun sassauta wa mai alkawari, doguwarsu ba ta neman komai.

Na koma Dumega na gyara musu wannan dokar, na faɗa musu sunan mai rubutun. Ɗayansu ya rubuta shi a saman takardarsa, ya tambaye ni ko zan zauna. Na ɗauki mai saiwa. Allah ya jiƙan Arzika.