Tsako Ba Ta da Mai Kula

A cikin dangi kaf ba wanda ya taɓa gane sana'ar Mai Ƙwari. Ranar da ya gaya wa gwaggo cewa aikinsa farautar ƙwari a cikin kwamfuta, sai ta ce madalla, ya zo ya yi mata feshi, kyankyasai sun kusa ɗauke ta da gadonta. Ya yi bayani har yawunsa ya ƙafe, wai ƙwaro kuskure ne da ke maƙalewa a manhaja ya hana ta aiki. Bayanin ya bi iska, sunan ya zauna daram.

Da rana gyaran kwamfuta yake yi a wani ofis. In ya dawo, ko takalmi bai cire ba sai ya zarce teburin da ke lungun falo, wanda aka tokare ƙafarsa da kwali. A kan gurgun teburin nan ya ƙera wata 'yar manhaja da masu rubuta manhaja ke dasawa cikin aikinsu, ta riƙa nuna musu inda ƙwaro ya ɓuya. Ya ɗora ta a intanet a buɗe, kyauta, kowa ya ɗiba. Lokacin 'yarsa tana rarrafe, duk kiyashin da ta gani sai ta tsince shi ta kai baki, har ake ce mata Tsako. Sai ya laƙaba wa manhajar sunanta.

"Wasu iyayen gida suke gina wa 'ya'yansu," in ji matarsa. "Kai takwara ka yi wa tawa."

"Ki zuba ido. Sunan nan sai ya zaga duniya."

Ya kuwa zaga. A cewarsa, waɗanda suka sauke Tsako sun fi masu haƙori yawa a doron ƙasa. Manyan kamfanoni suka jingina ayyukansu a kanta. Tukuicin da duniya ta aiko masa shi ne riga guda mai tambari, wadda ko kansa bai shiga wuyanta ba.

Haka Tsako biyu suka taso a gida ɗaya. Ta kwamfuta in ta yi tari, sai ya ture kwanon abinci ya ruga. Ta gida kuwa ta koyi jawo kujerarta kusa da teburin, ta yi aikin makaranta shiru, ko Allah zai sa ya waiwayo. Gwaggo ta taɓa tambayarsa yaya Tsako, ya ce ai ta kusa shiga lamba ta huɗu. Yarinya tana aji biyar, tana tsaye a gabansa da kofin ruwa.

Ana nan sai wani baƙo ya gano ɓaraka. Ashe duk abin da aka miƙa wa manhajar haɗiyewa take yi ba tambaya, ko da guba ce, kuma ta nan ɓarawo zai iya shiga kwamfutar mutane ya yi ta'asa. Hali dai na takwara. Labari ya bazu ana gobe Mai Ƙwari zai fara hutun da ya ɗauka don ya kai yarinyar gidan namun daji, alkawarin da ya tsufa har ya yi furfura.

"Baba, zuwan fa?"

"Bari in toshe wannan ramin, 'yar gidana. Yanzun nan."

Hutun kaf a bakin ramin ya ƙare. Ya toshe shi, ya fitar da sabuwar Tsako, ya bi mutane yana roƙo su sabunta. Ina! Kowa in sanarwar ta faɗo masa sai ya danna "sai an jima". Da ɓarayi suka fara shiga ta tsohuwar, waɗanda suka ƙi sabuntawar su ne suka fi kowa iya zagi. Wanda bai taɓa ce masa sannu ba ya rubuto yana tambaya wane jahili ne ya haifi wannan abu. Kamfanonin da suka yi shekaru suna ci a kwanonsa suka kwafi manhajar har da gyaransa, suka canza mata suna, suka goge nasa, sannan suka yi shela cewa kowa ya rabu da Tsako, haɗari ce.

Wata Asabar da hantsi ya zauna ya rubuta layi ɗaya a saman shafin manhajar, kamar yadda ake yi in mai abu ya saki: Tsako ba ta da mai kula. Ya ji kamar an sauke masa buhun siminti. Ya waiwayo, yarinyar tana nan kan kujerarta.

"Na gama da ita. Sa takalminki, yau sai gidan namun daji."

"Kawu ya kai ni tun wancan makon. Na ma gaya maka."

Ta leƙa allon ta bayan kafaɗarsa, ta karanta layin a bayyane, a hankali, kamar a gaban malami. Ba ta yi fushi ba, da ma ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta tattara littattafanta, ta rungumi kujerar za ta shiga ɗaki, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, sai yau ka rubuta?"