Cinnakun Mangwaron Kaka

Jiya 'yata tana yanke farce, sai ƙarar nan ta "ƙas" ta mayar da ni gindin mangwaron gidanmu na Gwange, zamanin ina firamare.

A kogon bishiyar akwai wasu cinnaku masu dogayen muƙamuƙai, kullum baki a wangame suke yawo. Bayan la'asar Kaka, mahaifiyar babana, takan zari tsinken tsintsiya ta kira ni, mayafinta na ƙamshin turaren wuta. Da ta taɓa wa ɗaya baki sai mu ji ƙas, ya wurga kansa baya, ita kuma ta yi ta dariya.

Ranar da wani ya cije ni, babana ya ɗauko kananzir. Kaka ta tsaya jikin bishiyar ta ce, "Sun riga ka zama a gidan nan. Yaronka ne ya kai hannu ɗakinsu." Haka ya mayar da kwalbarsa.

Bayan rasuwarta aka sare mangwaron aka gina shago. Na sha leƙa kogunan bishiyoyi da tsinke a hannu don in nuna wa 'yata, ban ƙara ganin irinsu ba.

Allah Ya ba ki inuwar da ba mai sarewa, Kaka.