Don Arcesio da Ajin Gyaran Rediyo

A unguwarmu ta Rebolo, cikin birnin Barranquilla, babu wanda bai san Don Arcesio Pertuz ba. "Don" ɗin laƙabin girmamawa ne a wajenmu, na mata kuma "Doña". Gidansa ne ke kallon namu. Ɗan masunci ne daga garin Ciénaga, amma ruwa bai karɓe shi ba, in ya shiga kwalekwale sai amai. Ganin haka uban ya turo shi birni wajen wani kawunsa, aka saka shi kwalejin koyon sana'a, ajin gyaran rediyo. Nan fa hannunsa ya faɗa. Yana gamawa suka riƙe shi malami, ya yi wajen shekara talatin yana koyar da gyaran rediyo da talabijin.

A zamanin da yake tashe, sai da kamun ƙafa ake samun gurbi a ajinsa. Mutum ne mai tsafta da faɗa, kullum cikin farar riga mai aljihu huɗu, sukundireba a ɗaya. In ɗalibi ya yi liƙi ya bar dalma tsibi, sai ya ɗaga ya nuna wa kowa.

"Ku zo ku ga kashin kaza! Kai ɗan nan, gyara aka ce ka yi ko gini?"

Duk da haka suna ƙaunarsa, don duk wanda ya fito daga hannunsa ba ya rasa aiki.

Sai zamani ya juya. Talabijin masu ƙaton ƙeya suka fara ɓacewa, shafaffu suka cika kasuwa, rediyo kuma ta koma cikin waya. Shugaban kwalejin ya kira shi, ya ce za a tura malamai birnin Medellín su koyo gyaran waya da haɗa wutar sola, kuma sunansa ne a farko. Don Arcesio ya ce ba inda za shi.

Ina jin su ta taga ranar, shi da matarsa Doña Edilma, tana suyar ayaba.

"Haba Arcesio, 'yan watanni ne fa. Me zai ragu a jikinka?"

"Ni in koma benci da sa'annin jikokina? Wannan kayan roba yayi ne, Edilma. In sun gama lalacewa, mutane za su dawo wa na ƙwarai."

"To, Allah ya ba mu rai mu gani. Amma taurin kan nan naka ko guduma ba ta fasa shi."

Wata tsohuwar ɗalibarsa, Yesenia Barrios, ita ta tafi a madadinsa. Da ta dawo aka buɗe mata sabon aji, matasa suka yi ca a can. Nasa kuwa sai raguwa yake, har ya zama in ka leƙa sai ka ga 'yan tsiraru cikin tulin tsofaffin akwatuna. Su ɗin ma shi ya riƙe su da daɗin baki, yana ce musu sana'a ta gaske ba ta mutuwa. Suna gamawa aka rufe ajin, aka yi masa ritaya da ɗan biki da kalanda.

Bai nuna damuwa ba, sai ranar da ya tsayar da ɗan acaba a bakin kasuwa. Da mai babur ya cire hular kwano, ashe Ubaldo ne, wanda ya fi kowa ƙwazo a ajinsa na ƙarshe.

"Ubaldo! Me kake yi a kan babur? Ina shagon?"

"Wane shago, Malam? Na buɗe, na yi ta zaman ƙirga ƙuda. Yanzu in abu ya lalace jefarwa ake yi. Na so in koma ajin Malama Yesenia tun a lokacin, kai ka ce in tsaya." Ya yi dariya, ba da zafi ba. "Hau mu tafi, Malam, rana na dukanka."

Ya kai shi har ƙofar gida. Don Arcesio ya shiga ɗaki, bai ci abincin rana ba.

Bayan wannan ne ya je ya rubuta sunansa a ajin Asabar, na manya, a gaban Yesenia. Ya zauna a benci kamar kowa, yana kiranta Malama, ita kuma kunya kamar ta nutse. Amma ido ya riga ya tafi, hannu kuma yana rawa. Kayan cikin waya ƙanana ne kamar ƙwayar gero, in ya kama da hantsaki sai su suɓuce. Bai yi wata biyu ba ya daina zuwa.

Ya roƙi Yesenia ta nema wa Ubaldo gurbi, ta kuwa nema. Ubaldo ya yi godiya, ya ce yana da mata da yara biyu, babu halin ajiye babur.

Yanzu Don Arcesio yana zama a kujerarsa mai lilo a bakin ƙofa. Doña Edilma ta rasu bara. Kwanaki na kai masa miyar kifi, muna hira, ya ce da ni:

"Ni dai na ci zamanina, maƙwabci, ba ni da kuka. Yaran nan ne. Iyayensu suka ba ni su amana, na koya musu abin da nake so, ba abin da zai ciyar da su ba."

Na ce ya sha miyar kafin ta huce.