Dutsen da Kawu Ya Karɓe

Kawuna ya tsufa yana saka gilasan tagogi a masaƙa. Da aka rage ma'aikata, manya suka sake motoci, shi kuwa ya dawo ƙofar gida kan bencinsa mai ɗingishi.

Ranar da samari suka yi gayyar jifan masaƙar, na fito da dutsena.

"Kawu, alheri zan yi maka. Mu farfasa, su kira ka gyara."

Ya ce, "Ja'iri, wani za su kira. Ni gawarka za a kira ni in ɗauko. Miƙo nan."

Na miƙa. Ya duƙa ya tokare gajeriyar ƙafar bencin da shi, ya matsa min wuri. Muna nan zaune har hayaniyar ta wuce.