Mutum na Farko a Shagon Intanet

Rana ce ta uku da sa dokar hana fita a Zariya. Babu wuta tun ranar farko, wayar matata ta mutu, tawa ma saura kaɗan. Abin da ya hana matata sukuni shi ne yayarta da ke zaune ita kaɗai a Sabon Gari, mai hawan jini, ga maganinta na wata a jakar matata nan Samaru.

Da safe maƙwabta suka yi ta magana. Wani ya ce an sassauta dokar, wata ta ce ƙarya ne, an ma ƙara tsanantawa. Na ce musu ni ba na aiki da jita-jita. Na yi aikin binciken noma a Sudan da Kamaru da Holan, kuma duk inda na zauna na koyi neman abin da hukuma ta rubuta. A Kartum takardar tana manne a bango, a Holan tana zuwa har ƙarƙashin ƙofa. A nan yanzu tana shafin intanet.

Muka taka tare zuwa shagon intanet na bakin titi. Mai shagon wata tsohuwar malamar makaranta ce, mai faɗa da dariya a lokaci guda, ta tayar da janareta ke nan. Na zauna, na buɗe shafin sanarwar. Nan take ya fito, har na yi mamakin saurinsa. An sassauta, ana iya fita daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma.

Na fito na ce wa matata, "Mama, tafi abinki. Har huɗu ne."

"Ka tabbata, Malam?"

"Da idona na karanta."

Na tsayar mata da keke mai ƙafa uku, ta shiga da jakarta a cinya. Sha ɗaya saura kwata.

Na koma ciki in duba wasiƙuna. Ban yi minti goma ba wani mutum a kujerar kusa da ni ya miƙe tsaye yana salati. Ya ce an dawo da doka, daga sha biyun rana ba fita ba shiga, wai an sake tashin hankali wajen kasuwa. Na ce masa ya sake karantawa da kyau. Ya juyo mini da allon kwamfutarsa. Shafin da na gani ne, amma maganar ta canza.

Mai shagon ta zo ta tsaya a kaina. "Baba, sake dannawa mu gani."

Na danna. Sha biyu.

Ta nuna mini wani baƙin akwati a ƙarƙashin teburinta. Ta ce layinsu ba shi da ƙarfi, shi ya sa aka haɗa mata wannan na'ura da ke ajiye kwafin duk shafin da aka taɓa buɗewa. In mutum ya nemi shafi, sai ta miƙa masa wanda ke hannunta don kada ya jira, ita kuma ta tafi can ta tambayo ko akwai sabo. Wanda ya zo bayansa shi ke samun sabon.

"Kai ne na farko yau, Baba. Ta jiya ta ba ka. Dannawarka ce ma ta ɗauko wa wannan bawan Allah ta yau."

"Me ya sa ba ta ce mini ta jiya ba ce?"

"Ga kwanan wata a ƙasa, da ƙaramin rubutu. Wa ke dubawa?" Sai ta kalli ƙofa. "Ina Mama?"

Na miƙe. Na fita.

Titin da ke cike ɗazu ya fara zama fayau. Masu shaguna suna jan ƙofofi, kekuna duk Samaru suke dawowa, babu mai tafiya gari. Na tsayar da ɗan acaɓa, ya girgiza kai bai ko rage gudu ba. Sai na kama hanya da ƙafa. Ina da shekara saba'in da wani abu, gwiwata ta hagu ba ta son tafiya, amma ban ji ta ba sai washegari.

Na taɓa kwana biyu a filin jirgin wata ƙasa ana harbi a waje, ban ji irin wannan tsoro ba, don a can ni kaɗai ne abin ya shafa, kuma ba ni na kai kaina ba. Wannan kuwa ni na tsayar da keken.

A Palladan na tarar da shingen sojoji. Na yi wa na gaban magana da Hausa, na koma Turanci, na koma Turancin kasuwa. Ya saurare ni duka, sannan ya nuna mini benci a rumfar wani mai faci. Daga nan ana hango hayaƙi baƙi can wajen Kwangila.

Wajen sha biyu da rabi na ga keken da ta shiga yana dawowa babu kowa. Na gane shi da yagaggen labulensa. Na tare shi.

"Ina matar da ka ɗauka?"

"Wallahi Baba, a Kwangila na sauke su duka. Mutane na gudu. Na ce ta dawo, ta ce saura kaɗan, za ta ƙarasa da ƙafa."

Na koma bencin. Na yi addu'a da duk harshen da na iya, ban kai ƙarshen ko ɗaya ba. Ina ta duba wayata, ina tsoron ta mutu, ina tsoron ta yi ƙara.

Ta yi ƙara bayan ƙarfe biyu, lambar da ban sani ba. Muryar wata mata ce, Hausarta a karye. Ta ce tana sayar da kayan ɗinki a Hanwa, ta ga wata tsohuwa ta faɗi a bakin kwata, ta jawo ta cikin gida. Sai na ji an karɓi wayar.

"Malam."

"Mama! Kin ji ciwo?"

"Gwiwa ce kawai. Takalmina ɗaya ya tafi. Maganin Yaya na nan hannuna, ban kai ba." Sai ta ƙara da cewa, "Ka ce huɗu."

Na gaya mata gaskiya, cewa sanarwar jiya na karanta, ban duba kwanan wata ba. Na fara yi mata bayanin na'urar, ta katse ni.

"Kana ina yanzu?"

"Palladan, gaban sojoji."

"To tambayi sojan yaushe za a buɗe. Mutum dai za ka tambaya, ba na'ura ba, ka ji."

Na tashi na tambaye shi. Ya ce shi ma bai sani ba. Na faɗa mata haka, wayar ta mutu a kunnena. Kwana biyu ta yi a gidan matar nan kafin a buɗe hanya, kuma da aka buɗe, wajen yayarta ta fara zuwa.